FILIN LAFIYA: Tsiron da ke cin gani daga gefe

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, can bayan karan hanci, akwai wata ƴar tsoka da ba ta wuce ƙwayar wake ba. Likitoci na kiranta ipofiz. Ita ke bada umurni ga girman jiki, da al'adar mata, da ruwan nono, da ƙarfin maza. Tana zaune cikin wani ɗan gurbin ƙashi mai siffar sirdi. Wani lokaci tsiro kan fito mata. Mafi yawansa ba ciwon daji ba ne, kuma sannu yake girma, shekara da shekaru. Matsalar ita ce gurbin ƙarami ne.

Duk wanda ya ga ruwan damina a Maggiya ko a korammun Keita ya san ruwa ba ya faɗa da dutse, wajen da ya samu laushi yake bi. Haka wannan tsiro yake. Muddin bai kai milimita 10 ba, yana nan cikin sirdinsa. In ya wuce haka, sai ya nemi hanya.

Hanya mafi sauƙi ita ce sama, domin babu ƙashi a nan, sai wata fata mai laushi. A bisanta kuwa jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna. Da zarar ya danne mahaɗar, gani na gefe ke fara tafiya, dama da hagu, alhali na tsakiya yana nan lafiya lau. Mutum na karanta takarda, yana ƙidayar kuɗin albasarsa a kasuwar Madawa, amma babur ya zo ta gefensa bai gan shi ba. Sai ya sayi tabarau a bakin tasha, ko a ce masa yanar ido ce. Idon kuwa ba abin da ya same shi. In dannewar ta daɗe jijiyar ta mutu, ba aikin da zai maido da gani.

Hanya ta biyu ita ce gefe, inda babbar jijiyar jini mai zuwa ƙwaƙwalwa take, tare da jijiyoyin da ke juya ido. Alamarta ganin abu biyu-biyu, ko fatar ido ta faɗo. Nan ne likitan fiɗa ke shan wuya. A 1993 Engelbert Knosp na birnin Biyena ya kasa wannan kutse mataki-mataki, daga 0 zuwa 4. A mataki na 4 tsiron ya rungume jijiyar gaba ɗaya, da wuya a cire shi duka. Yakan kuma cinye ƙashi ya gangara ƙasa wajen kogon hanci, kuma ta hancin ake bi a yi aikin tun 1907.

Abin da ya fi damunmu shi ne halin mata. Mace a Buza ta daina ganin al'ada, nono na zuba ba goyo, haihuwa ta tsaya: kafin a tuna da likita an zargi iska, an zargi kishiya, wata ma an sake ta. Alhali wannan irin, mai yawaita sinadarin nono, shi ne ya fi jin magani. Ƙwayoyin bromocriptine ko cabergoline kan motsar da shi ba tare da wuƙa ba. Wani irin kuma hannu da ƙafa da haɓa yake ƙara wa girma, har zobe da takalmi su daina shiga.

Hoton IRM ne ke nuna inda tsiron ya dosa. Daga Madawa zuwa Yamai kusan kilomita 500 ne, wasu kuma kan bi ta Ƙwanni su shiga asibitin koyarwa na Sakkwato. Tafiyar akwai kashe kuɗi, amma gwajin farko kyauta ne: a rufe ido ɗaya, a kafa ɗayan kan hancin wani, shi kuma ya kawo yatsa daga gefe. Wanda bai ga yatsan ba sai ya zo kusa da tsakiya, musamman in da ciwon kai mai naci, ya je asibitin gunduma ya nemi takardar turawa gaba.