A Duba Bayan 'Yan Dakonmu Tun Kafin Ya Ƙi Miƙewa



Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa kasuwar Mile 12 ya ga yadda matasanmu ke sauke tirelolin da suka taso daga Arewa. Kafin rana ta fito sun kwashe buhunan albasa da kwandunan tumatir, wasu a ka, wasu a kafaɗa. Haka 'yan garuwa da masu turin baro suke a Agege da Idi-Araba, haka direbobin tanka da ke kwana a zaune a layin Apapa. Jikinsu shi ne jarinsu. Mu kuma ba ma tunawa da wannan jari sai ranar da aka ce wane ya kasa tashi, a yi karo-karon kuɗin mota a mayar da shi gida.

Ra'ayinmu shi ne ƙungiyarmu ta fara shirya duba lafiyar baya da gaɓoɓin ma'aikatanmu aƙalla sau ɗaya a shekara.

Ciwon baya ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne kan gaba wajen nakasa mutane a duniya, kuma a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da shi. Tun a 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada nauyin da namiji baligi zai ɗauka ya wuce kilo 55. Buhun siminti kilo 50 ne, amma babban buhun masara yana kaiwa kilo 100. Ɗan garuwa da ya jera jarka goma masu lita 25 yana tura kilo 250 na ruwa, ban da nauyin kurar. Tsakanin ƙasusuwan baya akwai wani faifai mai laushi da ke shanye nauyi. Yawan sunkuyo da kaya da murɗa ƙugu suna gajiyar da shi, wani lokaci ya bullo ya danne jijiya, ciwo ya riƙa sauka har ƙafa.

Dubawar da muke magana a kai ba ta buƙatar na'ura mai tsada. Akwai takardar tambayoyi da masanan ƙasashen arewacin Turai suka fitar a 1987, wadda ake amfani da ita har yau. Tana tambayar sassan jiki tara: wuya, kafaɗa, gwiwar hannu, wuyan hannu, saman baya, ƙugu, cinya, gwiwa da idon sawu. Ana tambayar mutum ko wurin ya yi masa ciwo cikin wata 12 da suka wuce, da kuma ko ciwon ya hana shi aiki. Likitan gashin ƙashi zai sa shi ya sunkuya, ya ɗaga hannu, ya tsuguna. Mafi yawan mutane shawara da motsa jiki za su ishe su. Amma wanda ƙafarsa ke sagewa ko take rasa ƙarfi, ko yake kasa riƙe fitsari, ko ciwon ya zo da zazzaɓi da rama, wannan asibiti za a tura shi ba tare da jira ba. Ga Asibitin Ƙashi na Igbobi nan kusa da mu.

Mun san abin da wasu za su ce: idan aka gano mutum na da ciwo, za a hana shi lodi, ya rasa abincinsa. Wannan tsoro yana da dalili, shi ya sa sharaɗin farko shi ne sirri. Sakamako ya tsaya tsakanin likita da mai shi, kada ya je hannun dillali ko shugaban lodi. Wasu kuma za su ce ai akwai magani. To, mun ga inda maganin yake kaiwa. Shan diclofenac da ibuprofen kullum yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda, tramadol kuwa ya mayar da yaran kirki bayinsa. Ƙwaya tana rufe bakin ciwo ne kawai, ɓarnar tana ci gaba.

Kada kuma mu zauna jiran diyya. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashi a asusun NSITF, amma ɗan dakon da ake biya a kan kowane buhu wa ya yi masa rajista? Idan bayansa ya tafi, iyalinsa ne ke biya.

Don haka muna kira ga shugabanninmu da sarakunan Hausawa da manyan 'yan kasuwa: a ware rana, a samu rumfa kusa da masallacin kasuwa, a gayyato likitocin gashin ƙashi, cikinsu har da 'ya'yanmu masu jin Hausa. Masu kaya kuma su yarda a riƙa raba babban buhu biyu, ko mutum biyu su kama, a kuma ƙara yawan baro. Abin da za mu kashe a wannan rana bai kai abin da muke tarawa bayan mutum ya kwanta ba.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya sa albarka a neman kowa.