Kabewar bayan ɗaki da zukinin kanti

1/ Jiya a ɗakin kwananmu wata ta ɗora hoton "zukini" da ta sayo a babban kanti a Kano, ana ta yabonta wai ta waye. Ni da na zo da kabewa daga gida, dariya aka yi min. To bari mu yi maganar.

2/ Zukinin nan fa dangin kabewa ce, tun tana ɗanya ake tsinke ta. Iyakar sirrin ke nan.

3/ A gidanmu a Dangora, ruwan farko na sauka Inna za ta tona rami a bayan ɗaki, ta zuba takin awaki, ta jefa ƙwaya uku. Ta yaɗo, ta haye danga har kan rumbu. Da kaka muna shan miyar taushe da gyaɗa da yakuwa, ragowar ta kai mu rani.

4/ Yanzu fa? Kowa ya samu kuɗi sai ya malale tsakar gida da siminti, ko tafin hannu bai bar wa ƙasa ba. Sannan ya zo nan yana kukan tsadar cefane tun cire tallafin mai a 2023.

5/ Malam, filin da kake ajiye babur ya isa ramin kabewa biyu, amma yanka-yanka kake saye a Kwanar Dangora. Haba!

6/ Iri na nan wurin Inna. Mai so ya yi magana kafin Juma'a, har masu dariyar.