Sakaci Ke Kashe Inji, Ba Tsufa Ba

A ƙasar Ingila akwai wasu mutane da ba su da abin sha'awa kamar tara tsofaffin injunan yankan ciyawa. Suna da ƙungiyarsu wadda aka kafa a 1990, akwai kuma gidan tarihi sukutum a garin Southport inda aka jera irin waɗannan injuna tun daga na zamanin kakanninsu. Mutum zai tsinci injin da ya shekara 60 ko 70 a yashe, ya kwance shi, ya wanke, ya sake abin da ya cinye, ya shafa masa fenti, ya ja igiya ya tashi. Sa'an nan su taru su gwada na da da na yanzu, su ga wanne ya fi ƙarko, wanne ya fi shan mai.

Na san duk Bagobirin da ya ji wannan labari sai ya yi dariya. Mu a nan ciyawa dukiya ce. Da lauje ake yankanta a kai wa tumaki da shanu, ko a ɗora a kan rumfa a ajiye wa rani. Wadda ta tsiro a filin makaranta kuwa, mu ɗalibai muka san yadda muke yi da ita da langalanga. Amma ina roƙon mai karatu ya ɗan dakata da dariya tukuna, domin injin da ke jikin abin yankan ciyawan nan ɗan'uwan injin ban-ruwanmu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Fistin ɗaya, fulogi ɗaya, kafireto, tankin fetur da igiyar ja. Bambancin kawai, nasu wuƙa yake juyawa, namu kuwa farfela yake juyawa ta zuƙo ruwa. Su suna riritar nasu don nishaɗi, mu kuwa da cikinmu ya dogara ga namu, mu ne muke barinsa ya lalace. Wannan shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Asalin abin yankan ciyawa wani Bature ne mai suna Edwin Budding ya ƙirƙiro shi a 1830, bayan ya ga yadda wata na'ura ke aske gashin yadin ulu a masaƙa. Da hannu ake tura shi, sai a 1902 kamfanin Ransomes ya fitar da mai amfani da fetur. Mu kuma a fadamunmu, daga bakin Bunsuru da Gagare a wajen Isa har zuwa Gulbin Maradi da Rima a wajen Sabon Birni, da jigo da ƙwarya kakanninmu suka yi lambu. Mutum ya wuni yana sunkuyawa yana miƙewa, amma bai shayar da abin da ya wuce ɗan fili ba. A shekarun 1980 ne hukumomin raya aikin gona na jihohi suka fara yaɗa ƙananan injunan ban-ruwa da 'yan rijiyoyin burtsatse, sa'an nan shirin Fadama wanda Bankin Duniya ya tallafa ya ƙara bunƙasa abin daga 1993. Inji mai baki inci biyu yana iya fitar da ruwa wajen lita 600 a minti ɗaya. Ku dubi girman Allah, jama'a! Guga nawa ke nan? Da wannan ɗan ƙarfe ne albasa da tumatir da tattasai da alkama suka zama abin biyan kuɗin makarantar da yawa daga cikinmu.

To, tsakanin tsohon inji da sabo, wanne ya fi? Wannan gardama ce da ba ta ƙarewa a majalisar manoma, a Burkusuma da sauran garuruwanmu. Dattawa sukan ce ba kamar tsohon Robin na ƙasar Japan, kuma suna da hujja. Ƙirarsa ba ta da wuya, bawul ɗinsa a gefe yake, makaniki na iya kwance shi a gindin bishiya ya mayar kafin la'asar. Aibinsa shi ne nauyi da yawan shan mai, ga shi kuma kamfanin Subaru da ke ƙera shi ya daina yin irin waɗannan ƙananan injuna tun 2017. Samari kuwa sun fi son samfurin GX wanda kamfanin Honda ya fara fitarwa a 1983, mai bawul a sama. Shi ya fi tsimin fetur, kuma da yawansu suna da wata 'yar na'ura da ke kashe inji da kanta idan baƙin mai ya yi ƙasa. Akwai kuma kashi na uku, watau waɗanda ake kwaikwayon wannan ƙira a ƙasar Sin. Su suka cika kasuwa, ga araha, ga kayan gyaransu ko'ina. A cikinsu akwai nagari, akwai kuma waɗanda ke tuna wa mutum cewa araha ba ta ado.

Ni a ganina, kowane ɓangare ya faɗi rabin gaskiya ne. Sauran rabin shi ne hannun mai inji. Za ka ga mutum biyu sun sayi inji iri ɗaya a kasuwa ɗaya, na wannan ya kai shekara goma yana aiki, na wancan bai ga rani na uku ba. Ba sa'a ba ce, ba kuma sammu ba ne. Abubuwa biyar ne, kuma ba wanda ya gagari yaro ɗan aji ɗaya.

Na farko baƙin mai. Masu ƙera injunan nan sun ce a juye man sabon inji bayan ya yi aikin awa 20, daga nan kuma duk bayan awa 100. Abin da cikinsa ke ɗauka bai fi rabin lita da ɗan ɗoriya ba. Amma mu sai dai mu yi ta ƙari a kan tsohon mai har ya zama kamar kwalta, ko mu sayi wanda aka juye daga mota don ya fi sauƙi. Wasu ma idan 'yar na'urar nan ta kashe inji don ta cece shi, sai su tsinke wayarta, wai ta cika fitina. Wannan daidai yake da a kori mai gadi don ya yi ihun ɓarawo.

Na biyu ƙura. Noman rani da hunturu tare suke zuwa, kuma kowa ya san ƙurar ƙasarmu. Inji yana shaƙar iska kamar mutum, shi ya sa aka sa masa soso a bakin kafireto don ya tace ta. Idan soson ya toshe, inji ya riƙa shan mai fiye da kima yana baƙin hayaƙi. Idan kuma aka cire shi aka yar, kamar yadda wasu ke yi, sai yashi ya shiga ya cinye ringi da fistin. Wanke soson nan da sabulu, a shanya, a ɗiga masa ɗan mai a matse, bai kai aikin minti goma ba.

Na uku tayar da inji ba ruwa a cikin famfonsa. Akwai wani abin toshiya tsakanin inji da farfela wanda makanikai ke kira sil, ruwa ne ke sanyaya shi. In aka bar shi yana juyawa a bushe, cikin ɗan lokaci ya ƙone, inji ya fara yoyo ya kasa ja. Na huɗu kuwa jefa tiyo cikin gulbi ba rariya a bakinsa, sai tsakuwa da yashi su bi su gwaguye farfela. Haka nan a tuna, irin wannan inji ba ya zuƙo ruwan da zurfinsa ya wuce mita 7 ko 8, kome ƙarfinsa. In ruwan rijiya ya ja baya a bazara, ƙara wuta ba ya magani, sai dai a haƙa rami a saukar da injin kusa da ruwa.

Na biyar ajiya. Da damina ta faɗi sai a jefa inji a zaure da fetur a cikinsa, kaji su hau, ɓera ya ci tiyo. Fetur ɗin da ya yi watanni a kwance yakan daskare kamar ƙaro ya toshe kafireto. Kaka ta yi, a ja igiya har kafaɗa ta gaji, a ce inji ya mutu. Alhali kuwa da an tsiyaye man, an zubar da ruwan famfo, an rufe shi da buhu a wuri busasshe, da ja biyu ya tashi.

Wani zai ce, to, mene ne abin ɗaga murya a kan wannan? Ai da can ma haka ake yi. Gaskiya ne, amma da can ba yau ba ce. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Injin da ke shan lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa, in soso ya toshe ko fulogi ya yi baƙi, duk abin da ya ƙara sha daga bakin iyali aka cire shi. Bugu da ƙari, ba sai na gaya wa kowa halin da 'yan bindiga suka jefa hanyoyinmu a shekarun nan ba. Tafiya Sakkwato neman kayan gyara ta wuce maganar kuɗin mota kawai. Albasa kuwa ba ta san uzuri ba. In ta rasa ruwa kwanaki kaɗan a zafin Maris, wahalar wata huɗu ta tafi, bashin taki kuma yana nan.

Akwai kuma masu cewa zamanin injin fetur ya kusa wucewa, don me za a ɓata lokaci a kansa? Lalle akwai alamar haka. Kamfanin Honda ya daina ƙera injin yankan ciyawa mai fetur a Amurka a 2023, mu ma nan mun fara ganin famfo mai aiki da hasken rana, wasu manoma kuma sun juya injunansu zuwa iskar gas. Ina maraba da duk wannan. Amma talaka nawa ne zai iya sayen faifan sola a bana? Wanda ya koma gas kuwa ai injin nan dai ne, baƙin mai da soso da sil suna nan suna jiransa. Kuma wanda bai iya kula da inji ba, ko sola aka ba shi, haka zai bar ƙura ta rufe faifan.

Saboda haka ga shawarata. Mu yi koyi da mutanen can na Ingila, amma don amfani, ba don ado ba. Kusan kowane gida akwai mataccen inji a bayan rumbu yana tsatsa. Ina roƙon iyayenmu, Allah ya ƙara muku girma, ku ba makaranta aronsu ko sadakarsu maimakon a sayar wa 'yan gwangwan a kan kuɗin goro. Hukumar makaranta kuma ta ba mu ɗaki ɗaya da 'yan sifanu, ta gayyato makaniki daga cikin gari sau ɗaya a mako. Mu jera tsoho da sabo, mu kwance, mu ga abin da ya kashe kowanne. Daga matattu uku ana iya tayar da ɗaya, ya shayar da lambun makaranta. Mu auna da agogo da kwalba mu ga wanne ya fi shan mai, mu rubuta a littafi, gardamar majalisa ta ƙare da hujja. 'Yan'uwanmu mata ma a sa su, domin injin markaɗe da ke gidajenmu wannan injin ne dai aka ɗaura wa bel.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, kada wanda ya ce baƙin mai zai ɓata masa farar riga. Abin da malamin kimiyya ke zana mana a allo game da iska da wuta da matsi, ga shi nan a fili cikin injin babanka. In an yi hutu, ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta masa awowin da inji ya yi da ranar da aka juye mai. Wannan kaɗai ya isa ya ƙara wa inji shekaru. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, sun kuma ce rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasar Gobir, ya sa albarka a nomanmu na rani da na damina, ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, amin.