.308 Ko 6.5 Creedmoor? Kafin Ka Zaɓi Harsashin Farauta A YouTube, Ka Fara Duba Bayan Dutsen

Yau ba maganar saita waya ko rage shan data za mu yi ba, kodayake wayar ce ta jawo zancen. Wani matashi daga wajen Kurfi ya turo mini bidiyon da ya gani a YouTube: Bature ne a Amurka, ya kwanta rubda ciki a kan tudu, ya leƙa ta madubin bindiga, ya kayar da barewa daga nisan da ko da ido ba ka iya ganinta sosai. Tambayarsa gajera ce: "Malam, tsakanin .308 da 6.5 Creedmoor wane harsashi ya fi dacewa da farautar nesa?" Ya ce kakansa maharbi ne, shi ma abin yana cikin jininsa.

Zan amsa tambayar tsakani da Allah, sannan in faɗi dalilin da ya sa nake ganin ba tambayarmu ba ce.

Lambobin nan faɗin harsashi suke nufi. .308 awon inci ne, 6.5 kuma milimita. Kamfanin Winchester ne ya fito da .308 a 1952, kuma kusan tagwaye suke da harsashin 7.62 na sojojin ƙungiyar NATO. Shi kuwa 6.5 Creedmoor yaro ne a kansa, kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007, asali ma don gasar harbin allo aka yi shi. Ya fi siriri, ya fi tsawo, iska ba ta karkatar da shi kamar yadda take yi wa .308, kuma bindigar ba ta tokarin kafaɗa sosai. In nisan bai wuce mita 300 ba, dabbar da aka harba ba za ta gane bambanci ba. Sai an wuce nan fifikon 6.5 yake fara fitowa. Muhawarar da ake ta zuba bidiyo a kanta, iyakarta ke nan. Da a jihar Montana muke, da na rufe bakina a nan.

To amma a Dutsin-Ma muke, kuma abu na farko da Baturen bai gaya maka ba shi ne dokar ƙasarka.

Dokar makamai ta Najeriya, wadda asalinta tun 1959 ne, ta kasa bindigogi gida 3. Kashin farko su ne haramtattu, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa da kansa. A cikin jerin har da bindigogin soja masu bakin milimita 7.62, da milimita 9, da inci .300, da inci .303. Yanzu koma ka duba abin da na faɗa a sama. Bakin bindigar .308 milimita 7.62 ne. Haka .30-06 da Amurkawa suke kira harsashin kakanni, haka .300 Winchester Magnum. Wato rabin jerin "harsasai mafi kyau" da kake gani a intanet, a nan awonsu ya faɗa layin makaman yaƙi. Hukuncin wanda aka kama da irin wannan ba lasisi ba ya gaza shekara 10 a gidan yari. Kuma harsashin kansa, ko babu bindiga, laifi ne a same shi a hannunka ba tare da izini ba.

Kashi na biyu su ne bindigogin da mutum zai iya mallaka da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda: bindigar harbin tsuntsaye wadda ba ta ɗura kanta, bindigar iska, da raifil na farauta wanda awonsa bai shiga wancan jerin ba. A takarda dai, nan su 6.5 da .270 da .243 za su faɗa. Sai dai a 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisin ƙananan makamai, don haka duk wanda ya ce maka zai "haɗa maka takarda" ta WhatsApp, ka bar shi ka je hedikwatar 'yan sanda a Katsina ka ji daga bakinsu. Kashi na uku ita ce bindigar toka irin ta kakanka, wadda ake ɗurawa ta baki. Ita ma ba kara zube take ba, tana buƙatar izinin Kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Mu ɗauka ma dokar ta ba ka dama. Har yanzu ina nan a kan ra'ayina, kuma wannan dalilin ya fi damuna.

Harsashin .308 yana fita daga bakin bindiga da gudun da ya haura mita 800 a daƙiƙa ɗaya. In ka kuskure, ko ya huda dabbar ya wuce, ba nan yake tsayawa ba. Yana iya tafiyar fiye da kilomita 3 kafin ya faɗi. Ko ɗan ƙaramin .22 da ake rainawa, a jikin kwalinsa ake rubuta gargaɗin cewa yana da haɗari har nisan da ya wuce kilomita 1 da rabi. Yanzu ɗauki wayar nan taka, buɗe Google Maps, ka mayar da shi hoton tauraron ɗan Adam, ka bi hanyar Dutsin-Ma zuwa Kurfi a hankali. Nemo mini wuri ɗaya da za ka ja layin kilomita 3 ba ka ratsa gona, ko ruga, ko ƙauye, ko hanyar babur ba. Na gwada, abin da nake gani kawai rufin kwano ne da shingen gonaki. Baturen can yana harbi a dajin gwamnati da za ka yini ba ka ga mutum ba. Kai kuwa bayan zomonka akwai yaro mai kiwon awaki, akwai mace mai itace, akwai dattijo da ya sunkuya yana roron wake, ba ka ganinsa don karan dawa ya rufe shi.

Ga kuma duwatsu. Ƙasarmu ƙasar dutse ce, sunan garin ma ya nuna. Harsashi mai gudu in ya goga fa ko dutse, yakan canza hanya ya nufi inda mai harbin bai taɓa tunani ba. Ruwa ma haka yake yi masa. Wanda ya tsaya bakin dam ɗin Zobe ya auna dinya ko kirinjijiya a kan ruwa da raifil, harsashin yana iya tsalle kamar dutsen da yara ke jefawa, ya tsallaka wajen masunta da masu noman rani a ɗaya gaɓar. A lokacin hunturu kuma, wanda shi ne lokacin farauta, ga hazo ga iska. A mita 500 harsashin .308 ya riga ya sauka ƙasa da fiye da mita 1 daga inda aka saita shi, ban da abin da iska za ta ture. Manhajojin lissafin harbi da ke Play Store suna iya ba ka lamba, amma ba su san iskar da ke kaɗawa tsakaninka da dabbar ba. Abin da ke biyo baya shi ne dabba ta gudu da rauni ta mutu a wahale, ba a yanka ba, ba a ci ba.

Wai ma me za ka harba? Waɗannan harsasai an yi su ne don manyan namun daji, irin barewar Amurka da namijinta ke kai kilo 300. Mu abin da ya rage mana zomo ne, da gafiya, da zabuwar daji, da fakara, da kurciya. In ka yi babbar sa'a ka ga gada, wadda da ƙyar take wuce kilo 20. Ka harbi zomo da .308, ko abin miya ba za ka tsinta ba.

Shi ya sa nake cewa tsofaffin maharbanmu ba jahilci ne ya sa suke matsawa kusa ba. Manya suna ba da labarin cewa sunan Dutsin-Ma ya samo asali ne daga wani maharbi mai suna Ma da ya zauna a kan dutsen. Gwanintar irin su ba a nisan harbi take ba. Sanin sawu ne, da sanin inda iska ta dosa, da haƙurin rarrafe har ka kai taku 30 dabba ba ta ji ka ba. Harsashin tsuntsaye, mai ƙananan ƙwayoyin dalma, aikinsa bai wuce mita 35 zuwa 40 ba, kuma ƙwayoyin suna zubewa cikin 'yan ɗaruruwan mitoci. A wurin Bature wannan rauni ne. A wurin da mutane suka cika kamar namu, shi ne alherinsa. Sai dai a kula a cire dalmar daga nama sosai kafin a dafa, musamman in yara za su ci. Wanda ya tuna yaran Zamfara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010, duk da cewa haƙar zinare ce ta jawo wancan, ya san dalma ba abin wasa ba ce.

Na san abin da wasu za su ce: "Malam, kana maganar zomo, mu da ɓarayin daji suka hana barci?" Ban manta ba. Mu ne aka yanke wa layin waya a 2021, Dutsin-Ma da Kurfi suna cikin ƙananan hukumomi 13 da abin ya shafa, sai mutum ya yi tafiya kafin ya kira ɗan'uwansa. Na kuma tuna tsohon Gwamna Aminu Bello Masari da kansa ya ce mutane su tashi su kare kansu. Amma wannan zancen tsaro ne, kuma yana da ƙofarsa, tunda Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a 2023. Kada a sa masa rigar farauta. Haɗa biyun nan shi ke jawo wa mafarauta na gaskiya bala'i. A watan Maris na 2025 mafarauta 16 da suka taso daga Fatakwal za su gida Kano yin Sallah aka kashe a Uromi ta jihar Edo, bayan an ga bindigogin toka a motarsu. Bindigar toka fa. To ka ƙiyasta matashin da aka tare a hanyar Safana ko gefen dajin Rugu da harsashin 7.62 a aljihu, yana cewa zabuwa ya fito nema.

Abu na ƙarshe ya shafi wayar kanta. Tun 2016 Facebook ya hana cinikin bindiga da harsashi tsakanin mutane a dandalinsa, don haka wanda ya biyo ka akwatin saƙo da hoton kwalin harsashi yana neman kafin alƙalami, ko dai ɗan damfara ne, ko kuma wanda zai jefa ka cikin abin da ya fi damfara muni. Kada ka tura kuɗi, kada ka adana hotunan, ka danna rahoto ka toshe shi. Shi kuma ɗan'uwanmu na Kurfi na ba shi shawara ya nemi sarkin bakan yankinsu ya bi su fita ɗaya bayan an gama girbi, ya kunna wurin da yake a WhatsApp don na gida su riƙa ganinsa, ya ƙirga da ƙafarsa taku nawa ne tsakanin maharbi da zabuwa lokacin da aka harba. Ya ce zai turo mini adadin.