Furen Tulif Zai Yi A Ƙasar Gaya?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan filina na kowane mako, in amsa takardar da wani malamin makaranta ya aiko mini daga Ajingi. Ya ce ya ga hoton wani ɗan fure a wayarsa, mai kama da ƙoƙo, ja da rawaya, tsawonsa bai kai taƙi ɗaya ba, ana ce da shi tulif. Yara sun tara 'yan kuɗi don ƙawata farfajiyar makaranta, shi kuwa yana so ya aika wa wani ɗan'uwansa da ke Turai ya sayo masa irin. Tambayarsa ita ce, zai yi a ƙasarmu?

Malam, zai tsiro, amma da wuya ƙwarai ya yi fure. Tun da ya ke kuɗin yara ne, ya kamata ka ji dalili kafin su bar hannunka.

Shi tulif ba da ƙwaya a kan shuka shi ba, da kai ne irin na albasa, har wanda bai sani ba ya iya jefa shi a miya. Asalinsa duwatsun tsakiyar Asiya ne. Daga can ya shiga hannun Turkawa, sarakunan Santambul suka cika lambunansu da shi. Sunan ma da Turawa su ke kiransa daga kalmar rawani ya fito a bakin Turkawa, don furen ya yi kama da naɗi. A 1593 wani masanin tsirrai mai suna Kulusiyus ya dasa shi a garin Laidin ta ƙasar Holan. Ba a yi shekara hamsin ba mutanen ƙasar suka haukace a kansa, kai ɗaya mai ban sha'awa ya kai kuɗin gida, har kasuwar ta rushe a watan Fabrairu 1637. Ƙananan nan da ka gani su ne suka fi kusa da na daji, tsawonsu inci 4 zuwa 8.

To, ga inda gizo ya ke saƙar. A ƙasarsu ana binne kan da kaka, ya kwana cikin ƙasa mai sanyi, ƙanƙara a bisansa, har bazararsu ta zo. Furen yana nan a dunƙule cikin kan tun kafin a binne shi, sanyin nan kuwa shi ne ke ba karan ikon miƙewa ya fito da shi sarari. Abin da ya ke bukata mako 12 ne zuwa 16 cikin sanyin da bai haura digiri 9 ba. Masu lambunmu sun san ƙanen wannan al'amari, gama albasar da a ke dasawa don iri sai ta sha hunturu ta ke fid da kan fure. Amma hunturunmu, wanda ke sa tsofaffin Gaya kwana gaban wuta a Disamba da Janairu, da asuba ya kan sauka wajen digiri 12 ko 13 ne, rana na ɗagawa ya koma kusan 30. Abin da mu ke kira jaura, wurin tulif ɗumi ne.

Akwai dabara, ba zan ɓoye maka ba. Ana sa kawunan cikin jakar takarda a ajiye a firji, ba wajen da ke daskarar da ruwa ba, tun farkon Satumba, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Kada a haɗa su da ayaba ko tumatir nunannu, iskar da ke fita daga 'ya'yan itace ta kan kashe furen a ciki. Farkon Disamba a fito da su a dasa nan take cikin tukunyar ƙasa mai huda a gindi, a rufe hudar da tsingaro, a cika da rairayi gauraye da ruɓaɓɓen taki. Tsinin yana duban sama, zurfin kuwa kamar tsawon kan sau uku. A ajiye inda hantsi kaɗai ke taɓawa, a riƙa ba da ruwa kaɗan kaɗan, don laima ita ce ajalinsa. In an yi sa'a a ga fure cikin Janairu, ya yi mako guda ko biyu ya zube. Shi ke nan kuwa, zafin Maris ba zai bar kan ya sake ƙiba ba, baɗi sai a sake saye.

Yanzu, Malam, ka lissafa da kanka. Kwana 84 a jere firji bai huce ba. Wa ke da wutar da za ta yi masa wannan alkawari tsakanin Gaya da Ajingi, in ba mai na'urar hasken rana ba? Ga kuma shigo da tsiro daga waje sai da izinin hukumar da ke binciken cututtukan shuka. Mai hali da ke son gwaji don nishaɗi, ban hana shi ba. Kuɗin yara kam ban yarda ba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, muna da namu, muna tattaka shi. Duk wanda ya bi fadama da farkon damina ya ga albasar kwaɗi: ganye dogaye, kara ɗaya ya miƙe, a kansa furanni manya farare, kowane da jan zane a tsakiya kamar an ja masa layi da alƙalami. Sunan da muka laƙaba mata ne ya rage mata daraja. 'Yan'uwanta suna cikin lambunan Turawa, a ɗakunan gilashi, ana hura musu ɗumi kamar yadda mu za mu hura wa tulif sanyi. Ita barcinta da rani ta ke yi, ruwan fari ke tashe ta, watau an halicce ta daidai da shekararmu. Ajiye irin waɗannan a tukunya ma ba baƙon abu ba ne gare mu, kowa ya san gadali da waɗansu ke dasawa a bayan ɗaki. Abin da su ke nufi da shi na bar wa malamai, ni zancen ado na ke yi.

Ga yadda za ka yi. Da damina, sa'ad da ta ke fure, ka tafi da yara su kafa tsinke a gindin waɗanda suka fi kyau, bayan an nemi izinin mai gona. Kada a tona a lokacin. A jira sai ganyen ya bushe kamar lawashi, gama da ganyen nan ne kan ke tara abincin furen baɗi, wanda ya yanke shi ɗanye ya yanke furensa. Sa'an nan a tona a hankali, a ɓalle 'ya'yan da ke manne da uwar, a mai da uwar raminta a rufe. Noman rani yana ta cin fadamu, in kowace makaranta ta kwashe gaba ɗaya za a wayi gari babu.

Tukunyarta ta fi ta tulif girma, tsohuwar randa da ta tsage ta isa. Ba a binne ta da zurfi, a bar wuyan a waje. A barbaɗa toka ƙarƙashin randar saboda gara. Da rani a ƙyale ta, ko an ga kamar ta mutu. Wajen watan Mayu a soma ba ta ruwa. Ƙaramin ɗa ya kan yi shekara biyu ko uku kafin ya yi fure, saboda haka a gaya wa yara tun da wuri kada su fid da rai. A kuma ja musu kunne ƙwarai: kanta dafi ne, ba a ci, ba a bar awaki su kai gare ta.

Kuɗin da suka tara kuwa, a sayi randuna wurin maginan tukwane, abin da ya ragu a yi shinge da shi.

Wassalam.

Naka,
Akawu, Gaya.