Wanka da gari ba ya maganin yunwa: maganar warin makewayin kasuwa da na tasha

Maganar yau ba mai daɗin ji ba ce, wanda ke cin abinci sai ya yi mana haƙuri. Kan makewayin jama'a za mu yi ta: na kasuwa, na tasha, na masallacin Juma'a, na lakol da na likita.

Ɗan Kassari na bakin babbar kwalta mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Dosso da Dogon Dutsi ta nufi Birnin Ƙonni. Garin hanya ba ya rabuwa da baƙi, ga kuma ƴan ƙauyuka da ke cika shi ranar kasuwa. Duk wanda ya yini wuri dole ya nemi inda zai kewaya. To mun san yadda abin ke tafiya a garuruwanmu, daga nan har Matankari, Kore Mairuwa da Tibiri. A gina makewayi sabo fil, a shafa fenti, a yi bikin buɗewa. Kafin damina ta zagayo ya zama wurin da ake toshe hanci tun daga nesa. Ginin na tsaye, ƙofa na nan, amma mutane sun koma bayan katangarsa.

Namiji dai ya samu gindin bango ya tsuguna da butarsa, shi ke nan. Mace fa? Mai tallan fura ko mai sayar da ƙuli da ta fito tun da hantsi sai ta riƙe har la'asar. Wata ma rage shan ruwa take yi don kada ya matsa mata, cikin zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40. Ƴan mata a lakol haka, musamman kwanakin al'ada, wasu gida suke zama gaba ɗaya. Kenan wari ne ke yanke hukuncin ko za a shiga makewayi ko ba za a shiga ba, kuma makewayin da ba a shiga daidai yake da wanda ba a gina ba. A ƙasar da kusan mutum biyu cikin uku ke bahaya a fili, wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da cutar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 5,000 a Nijar, ta ratsa jihohi da dama har da tamu ta Dosso. Ƙudan da ya tashi daga bayan katangar nan bai san iyaka ba, kan tsiren mai nama zai sauka.

Me muke yi in warin ya ishe mu? A aiki yaro ya sayo girezil a kwarara, ko a watsa ruwan javel, wani ma har turaren wuta yake sawa. Awa biyu an ji sauƙi, da rana ta take sai ya dawo da ƙarfinsa, ya haɗu da ƙamshin maganin ya zama wani abu na uku da ya fi na farko tayar da zuciya. Wanka da gari ba ya maganin yunwa.

Abin da ya kamata mu gane shi ne wari biyu ne a wurin, kowane da maganinsa. Na farko, mai yaji da ke sa ido hawaye, yawanci ba daga rami yake fitowa ba. Daga daɓen da muke takawa yake. Fitsari in ya fito ba ya da wani wari sosai. Sai ya kwanta, ƙwayoyin cuta su narka sinadarin da ke cikinsa su mayar da shi iskar amoniya, zafi kuma ya hanzarta aikin. Siminti mai kaushi shan ruwa yake kamar sabuwar tukunya. Fitsarin mutum ɗaruruwa ya shige shi, ya bushe, ya bar wani farin gishiri mai tauri a kusurwoyi da bakin rami. Duk lokacin da danshi ya taɓa wannan gishirin, warin ya farka. Shi ya sa za ka ga an wanke wuri tas da safe amma hanci bai yarda ba.

Maganinsa na farko hannun magini yake. Daɓe ya zama mai santsi, ya gangara zuwa rami ta yadda ko ɗigo ba zai kwanta ba, santsin kuma ya hau bango har ya wuce gwiwa. In da hali a sa karo, in babu a goge siminti da kyau har ya yi sheƙi. Tsohon daɓen da ya riga ya sha ya ƙoshi, gaskiya ɗaya ce, a fasa shi a sake. Buhun siminti biyu ya fi arha a kan girezil na shekara. Daga nan sai buroshi mai tauri, Omo da ruwa, safe da yamma, ranar kasuwa har da tsakar rana. Farin gishirin nan sabulu ba ya cire shi, tsami ke narka shi: binegar ɗin kanti ko ruwan lemun tsami, a zuba a bari ya jiƙa, a goge, sau ɗaya a mako.

Nan sai mun ja kunne da babbar murya. Kada a haɗa javel da binegar, kada kuma a kwarara shi kan fitsarin da ya taru. Haɗin na tayar da iska mai guba da ke ƙona ƙirji da ido, a ɗan ɗaki rufaffe tana iya kayar da mutum. Javel bayan an wanke an ɗauraye yake shiga, a surka shi da ruwa, ƙofa buɗe.

Wari na biyu shi ne na ramin kansa, mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan ba a kashe shi, hanya ake ba shi ya fita ta sama. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun shekarun 1970 wani masani, Peter Morgan, ya fito da ita a cibiyar bincike ta Blair, a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe. Bututu ne miƙaƙƙe daga cikin rami har ya zarce rufin da aƙalla rabin mita, faɗinsa kamar santimita 11 zuwa 15, bakinsa rufe da raga. Iskar da ke wucewa ta saman bututun na zuƙo ta cikin ramin, sabuwar iska ta shiga ta ƙofa ta bi ramin tsuguno ta maye gurbinta. In cikin ɗakin da ɗan duhu, ƙudan da ke rami haske yake bi, ya hau bututu, raga ta tare shi, ya mutu can. Ba lantarki, ba magani.

Da yawa cikin makewayan lakol da na kasuwa da anka gina mana a kan wannan tsarin anka yi su. To me ya hana su aiki? Ɗaga kai ka duba. Wani bututun bai kai tsayin rufi ba. Wani ya fashe, wani an cire shi an kai gida. Ragar ta yi tsatsa ta zube, ko gizo-gizo ya toshe cikin da saƙa, alhali bokitin ruwa guda da za a zuba ta sama duk wata ya isa ya buɗe shi. Wani kuma da kyakkyawar niyya ya kawo murfi ya rufe ramin ruf. A salgar da ba ta da bututu murfi daidai ne, amma mai bututu in ka rufe ta ka shaƙe ta.

Sai ruwa. Mu masu tsarki da buta ne, wannan ba ya da illa ga rami. Abin da ke ɓata shi ruwan wanka da na alwala da ake sakar masa, ya cika ya zama tafki, ya yi ta tafasa. A yi musu kwataminsu daban, a cika shi da duwatsu. Toka na taimakawa a ramin da ba ya da ruwa da yawa, tana busarwa tana rage ƙuda, kuma kowane gida na da ita kyauta. Baƙin man mota da tsofaffin batura da wasu ke jefawa wai don kashi ya nutse, don Allah a daina. Ƙasa suke bi, kuma a kwarin Dallol Mawri ruwan rijiya ba ya da nisa.

Duk wannan da munka lissafa ba ya wuce aikin mutum ɗaya mai buroshi da jarka. A nan gizo ke saƙa, domin makewayin jama'a a wurinmu ba ya da mai shi. An saba ɗora laifin kan masu shiga, wai ƴan ƙauye ba su san tsafta ba. To idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutumin da ya tarar da wuri ƙazami, ba ruwa, ba buta, daga bakin ƙofa zai yi ya gudu, na bayansa ya yi nesa da shi, haka har a kai waje. Wannan mutumin in ya tarar da wuri fes da mai gadi zaune, shi ma fes zai bar shi. Abokan arziki sun yi ƙoƙari. Ƙawancen Dogon Dutsi da garin Orsay na Faransa ya taimaka wa gidaje da dama sun samu salga, namu da Cesson-Sévigné ya taɓa fannin ruwan sha a ƙauyukan komin. Amma baƙo gini zai yi maka, ba zai zo kullum da tsintsiya ba.

Ra'ayinmu shi ne hukumar komin, ko magajin gari ke kan kujera ko kantoma, ta damƙa kowane makewayin kasuwa da na tasha hannun mutum sananne, da yarjejeniya a rubuce: ga abin da zai karɓa, ga sau nawa zai wanke, ga ranar da za a ƙwace mabuɗi in ya kasa. Mu yi lissafin misali. In mutum 200 sunka shiga ranar kasuwa, kowa ya ba da dala biyar, jaka biyar kenan. Ta sayi ruwa da Omo, ta bar wa mai aiki abin kai wa gida. Ɓangaren mata a ba mace, domin akwai waɗanda ba za su miƙa wa namiji kuɗin kewayawa ba ko da za su mutu da shi. Yashe rami da gyaran bututu kuwa ya fito daga harajin da ake karɓa hannun ƴan kasuwa, tunda su ma suna da haƙƙin ganin inda tikitinsu ke zuwa.

Mun san za a ce talaka zai koma bayan katanga saboda dala biyar. Maganar na da ƙamshin gaskiya, shi ya sa yara, tsofaffi da naƙasassu bai kamata a karɓi ko tamma hannunsu ba. Amma yanzu da yake kyauta, ina ake zuwa? Bayan katangar dai. Masallaci ba a sa masa kuɗin shiga, sai dai kwamiti ya ware wani abu daga taron Juma'a ya biya mai wanki duk wata, a daina barin aikin ga almajirai ƙanana da hannu tsirara. A lakol kuma ƙungiyar iyaye ta tanadi jarka da buroshi, wankin ya zama na juyi tsakanin azuzuwa, maza da mata, a bar mayar da shi horon wanda ya makara.

Wanda duk anka ba wannan aikin a saya masa takalmin roba, safar hannu da abin rufe hanci, a biya shi kan lokaci, a kuma kira shi da sunansa. Ƴan kwamitin kasuwa da ke karanta mu, ranar kasuwa mai zuwa a tura wani ya hau rufin ya leƙa bututun, a gaya mana nan ƙasa abin da ya gani.