Kafin ka sayar da wakenka ka sayi tele, hau bisa ɗaki ka duba



Maganar wannan wata, wani ɗalibina ne ya jawo ta. Magidanci ne, yana zuwa karatun dare a cibiyarmu ta yaƙi da jahilci. Bayan kaka ya sayar da buhu huɗu na wake da rago ɗaya. Ran kasuwa ya tafi Dogon Dutsi, ya sayo telebijin, da batir, da allon hasken rana, da eriya, wadda wasu ke cewa antan. Mai kanti ya ce masa ko'ina tana kamawa. Ya komo gida ya kafa sanda, ya ɗaura eriya. Yara suka taru, maƙwabta suka zo da tabarminsu. Aka kunna. Allo ya yi haske, amma ba hoto, ba murya. Dare uku ana haka. Ya mayar da kayan, mai kanti ya ce abin da aka saya an saya.

Sai ya zo wurina ya ce: "Malam, kayan ne ba su da kyau, ko hannuna ne bai iya ba?" Na je gidansa. Gidan yana gindin dutse, ga kuma wani babban bedi ya rufe tsakar gida. Muka ɗora kayan a amalanke, muka kai gidan wansa da ke bisa tudu. Tafiyar ba ta kai kilomita 2 ba. Muna kunnawa, sai ga hoto garau. Ashe kaya lafiyarsu lau. Wurin ne bai yarda ba.

Dattawanmu sun san tele tun da daɗewa. A 1964 aka fara telebijin ta makaranta a ƙasarmu. A zamanin Seyni Kountché, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, Tele Sahel ta fara aiki, aka kuma kai tele ta jama'a ƙauyuka, mai aiki da hasken rana. Amma a lokacin ma'aikata ne ke zuwa su kafa ta. Yau kowa shi ke saye, shi ke kafawa. Don haka dole kowa ya iya duba wurinsa kafin kuɗi su fita aljihu.

To, yaya hoto ke zuwa? Wasu na zaton kamar rediyo ne. Suna cewa ai muna jin Landan da Jamus har cikin kwari, mi zai hana mu ga abin da ke kusa? Ba ɗaya ba ne. Rediyon gajeren zango, saƙonsa yana hawa sama ya doki wani sashe na sararin sama, sa'annan ya faɗo mana. Dutse ba ya tare shi. Saƙon tele kuwa miƙe yake tafiya, kamar hasken cocila. Yana tasowa daga kan dogon ƙarfen tasha, ya nufo eriyarka. Abin da ya tsaya tsakani, ya yi maka inuwa. Makiyaya sun fi kowa sanin wannan. Wane ne bai taɓa hawa tudu da salula a hannu yana neman rezo ba? To, tele ma 'yar gidansu ce.

Abu na farko, nisa. Ƙasa a dunƙule take, shi ya sa ko a fili fetal ba a hangen abin da ya yi nisa ƙwarai. Masana suna da lissafi. In ƙarfen tasha ya kai mita 100, saƙonsa na kai wajen kilomita 41 kafin doron ƙasa ya tare shi. Sandarka kuma tana ƙara maka. Sanda mai mita 4 tana ƙara kilomita 8. Mai mita 9 tana ƙara 12. Mai mita 16 tana ƙara 16. Ke nan mai sandar mita 9 yana iya sa rai har wajen kilomita 53, in ba abin da ya gitta. Ku lura, sai ka ninka tsawon sanda sau huɗu kafin ƙarin da take ba ka ya ninku sau biyu. Daga nan kowa zai gane ba daga Yamai hoto ke miƙowa zuwa gidajenmu ba. Tsakanin Dogon Dutsi da Yamai ya fi kilomita 250 a hanyar mota, Dosso ma kusan 140 ne. Ƙarfen da ya fi kusa da kai, shi ne naka. Ka san inda yake, ka san nisansa. Dubi inda eriyoyin masu kamawa suka fuskanta, can ne.

Abu na biyu, dutse. Nan ne wahalar ƙasar Arewa take. Ƙauyukanmu da yawa cikin kwarin Dallol Mawri suke, tun daga wajen Matankari, a biyo Dogon Dutsi, har a gangara Tibiri. Kakanninmu sun zauna nan don ruwan rijiya ba nisa, ƙasa kuma tana ba da hatsi. Amma gabas da yamma duwatsu da fako ne suka yi mana katanga. Wanda ke cikin kwari ɗaya da ƙarfen tasha, yana kallonsa ta tsawon kwarin, sau da yawa shi ke da sa'a. Wanda saƙo zai ƙetaro masa dutse, shi ke da aiki.

Inuwar dutse ba ɗaya take ko'ina ba. Ka tuna da inuwar garu da hantsi. A gindin garu ta fi duhu. In ka ja baya, sai ka fita rana. Haka nan saƙon tele. Yana ɗan lanƙwasowa ta kan dutse, ya sauka can gaba. Gidan da ke manne da dutse shi ya fi rasawa. Gidan da ya yi nisa da shi yana iya samun rabo. Kuma dutsen da ke bayanka ba shi da laifi. Wanda ke tsakaninka da tasha kaɗai za ka ji tsoro.

Abu na uku, itatuwa. Wannan mutane ba su cika kula da shi ba. Ganye yana shanye saƙo, musamman in ya jiƙe. Icce ɗaya mai duhu a gaban eriya yana iya hana ka abin da maƙwabcinka ke gani. Amma kowane icce da halinsa, kuma manomi ya fi ni saninsu. Bedi da mangwaro ba su rabuwa da ganye, su abokan gaba ne rani da damana. Kuka tana tsirara da rani, in ruwa ya sauka sai ta yi riga. Wanda kuka ke gabansa yana iya kallo lafiya a watan Maris, a watan Agusta hoto ya gudu. Gawo kuwa, kun san shi, ba ya bin jama'a. Da damana yake kaɗe ganye, da rani ya yi kore shar. Wanda gidansa ke cikin gawuna, damana ce lokacin sauƙinsa, rani ne gwajinsa. Don haka kada ka gwada lokacin da iccen gabanka ba shi da ganye, ka ce ka gama. In ka gwada a irin wannan lokaci, ka bar wa ganye rabonsa cikin lissafi.

A nan ina da roƙo. Kada wani ya sare icce saboda tele. Na ji wani na shawarar kayar da gawo don ya ga ƙwallo. Gawon nan shi ke ba gonarka taki, 'ya'yansa su ke riƙe tumakinka da rani. Matsa sandar. Sau da yawa taki biyar zuwa dama ko hagu ya isa a kauce wa icce.

Yanzu ga yadda za ka yi kafin ka saya. Ba ya cin ko dala.

Ka fara da zagaya maƙwabta. Wa ke kamawa da eriya? Gidansa bisa yake ko ƙasa da naka? Sandarsa mita nawa? Hoto na tsaya masa duk shekara, ko akwai watan da yake yankewa? Ka tambayi matan gida da yara, su ne ke faɗin gaskiya. Maigida wani lokaci ba ya son a ce kayansa ba su aiki.

Sa'annan ka hau bisa ɗaki ko ka kafa tsani, ka fuskanci wajen tasha. Mi kake gani? In sarari ne har iyakar ido, alhamdu lillahi. In dutse ne ya cika maka ido, sai a yi hattara. Dogayen ƙarafa suna da jar fitila da dare. In kana hango ta daga inda eriya za ta zauna, to magana ta kusa ƙarewa.

Rediyon FM ma yana ba da labari. In tashar FM da ke gari ɗaya da ƙarfen tele tana shiga gidanka da ƙyar, tana shuu, kada ka sa rai da hoto. Amma in tana shiga da kyau, wannan bai zama tabbas ba, don saƙon FM ya fi na tele iya ratsa itatuwa da kewaye tudu.

Gwajin da ya fi duka shi ne aro. Ka ari kayan wani ɗan uwa na yini ɗaya, da eriyarsa. Ku zama mutum biyu, ɗaya na riƙe da sanda, ɗaya na kallon allo. A juya eriya sannu sannu, a ɗaga, a sauke, a sake wuri. Kada ka yi gwajin da dare kawai. Da dare da asuba, in iska ta kwanta, saƙo kan zo daga nesa fiye da yadda ya saba. Rana na ɗagawa sai ya koma. Gwada da azahar ma. Abin da ka gani da azahar, shi ne naka.

Akwai wani canji da ya kamata ku sani. A 2006 ƙasashen Afirka da Turai sun yi yarjejeniya a birnin Janeba, cewa za a bar tsohon tsarin tele a koma sabo, wanda ake kira TNT. An sa wa'adi ranar 17 ga Yuni 2015, ko da yake ƙasashe da yawa sun makara, har da tamu. A tsohon tsari, in saƙo ba shi da ƙarfi, ana ganin hoto dishi-dishi kamar cikin hazo, ana haƙuri a kalla. Sabon tsari bai san wannan ba. Ko hoto garau, ko ya daskare ya farfashe, ko babu sam. Shi ya sa wanda ke bakin iyaka yake shan wahala: yau akwai, gobe iska ta kaɗa reshe, babu. Akwatin sabon tsari, ko dikoda, yana nuna layi biyu a allo, na ƙarfin saƙo da na kyansa. Na biyun za ka fi kula da shi. In yana tsaye wuri ɗaya, ya cika sosai, ka samu. In yana rawa, yana hawa yana sauka, damana za ta ba ka kunya. Kuma in za ka saya, ka karanta jikin kwali da kanka, ka nemi wannan rubutu: DVB-T2. Ga amfanin karatun da muke yi.

Waya ma tana cin saƙo. A kowane mita 20 na wayar eriya, kusan rabin ƙarfin ke ɓacewa. Kada ka kai sanda bayan gari ka ja waya mai tsawo. Kada ka yi ɗauri a tsakiya, ruwa na shiga. Masu kanti za su ce ka sayi ampli. Ampli yana ƙara abin da ya samu ne. In eriya ba ta kamo komi ba, ba shi da abin ƙarawa.

Mai doguwar sanda ya yi hankali da abu uku. Iskar farkon damana tana kayar da ita, sai a ɗaure ta da waya ta gefe uku. Kada ta kusanci wayar lantarki ko kaɗan. Tsawa kuma tana son abu mai tsawo. A haɗa sandar da ƙarfen da aka kafa cikin ƙasa da waya mai kauri, kuma in hadari ya taso a zare wayar eriya daga akwati tun kafin ya iso.

To, wanda gidansa ke gindin dutse fa, kamar ɗalibina? Shi hanyarsa parabol. Ita sama take kallo, wajen tauraron ɗan adam, dutsen gefe bai cika damunta ba, in dai reshe bai rufe mata fuska ba. Ruwa mai ƙarfi yana yanke ta na ɗan lokaci. Ta fi tsada, wasu tashoshinta kuma sai an biya kowane wata. A tambayi wannan sosai kafin a saya.

Ɗalibin nawa ya bar eriyar wa wansa, yana tara kuɗin parabol zuwa kaka mai zuwa. Kafin nan, can bisa tudu ake kallo, shi ke kawo batir.

Wanda ya yi gwaji a ƙauyensa, ya rubuto mini da hannunsa: sunan ƙauye, tsawon sanda, iccen da ke gaba, da watan da ya gwada. A ba malamin cibiya mafi kusa, zai iso gare ni. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.